Muna roƙon Allah Ya ba mu Fada, amma wa ke ciyar da katikis?

1/ Jama'a, zare ne mai ɗan tsawo, ku yi haƙuri da ni. Magana ce a kanmu 'yan Katolika na kudancin Jigawa, ɓangaren Birnin Kudu da Gwaram, da kukan nan da muke yi kullum cewa Fada sun yi mana kaɗan. Kukan gaskiya ne. Sai dai ni a ganina mun bar jaki muna dukan taiki.

2/ Duk shekara, Lahadi ta huɗu ta Ista, wadda ake kira Lahadin Makiyayi Mai Kyau, ana addu'a ta musamman Allah Ya kira samarinmu zuwa aikin firist. Tun 1964 ake yin ta, zamanin Paparoma Paul na 6. Mu ce amin da ƙarfi, mu watse. To a yawancin ƙauyukanmu, wanda ya ja mu wannan addu'ar katikis ne, domin Fada yana wani wurin. Kuma in ka bincika, sai ka tarar rabon mutumin nan da ɗan alawus ɗinsa an yi watanni.

3/ Ga waɗanda ba 'yan nan ba: Jigawa ba ta da dayosis nata na kanta. Muna ƙarƙashin Dayosis na Kano, wanda ya haɗa jihohin Kano da Jigawa. An yanke shi daga Kaduna a 1991, shekarar da aka ƙirƙiro jihar Jigawa ita ma, ya zama cikakken dayosis a 1999. Bishop John Namaza Niyiring ke riƙe da shi tun 2008, kujerarsa tana cocin Our Lady of Fatima a Sabon Garin Kano.

4/ Daga Kano zuwa Birnin Kudu ta Wudil tafiyar fiye da kilomita 100 ce. Gwaram kuma sai ka ƙara gaba, ka doshi iyakar Bauchi. Wannan fa a kan kwalta ke nan. Mutanenmu kuwa, in ka cire ma'aikata da 'yan kasuwa na cikin gari, a warwatse suke: gida biyar nan, gida goma can, wasu a bayan dutse, wasu a ƙetaren rafi.

5/ Wanda ya taɓa bin hanyar Gwaram zuwa Basirka da damina ya san abin da nake faɗa. A daminar 2021 ruwa ya karya gada a wannan hanyar har aka yi asarar rayuka. Hanyar mota ke nan, balle hanyar babur da ake bi a shiga ƙauye.

6/ Mu yi ɗan lissafi. A ce Fada ɗaya yana da rassa goma ban da babban cocin da yake zaune. Ko da zai yi Misa uku kowace Lahadi, ɗaya dole ta babban coci ce, saura biyu. Kowane reshe sai ya jira mako biyar kafin layi ya zo kansa. In ruwa bai tare hanya ba ke nan, in babur bai lalace ba, in Fada bai kwanta zazzaɓi ba.

7/ To sauran Lahadi huɗun fa, wa ke buɗe ƙofa?

8/ Katikis. Shi zai buga ƙararrawa, ya karanta karatun ranar, ya yi bayani, ya ja addu'a. Shi ke koya wa yara katikizim da yamma bayan ya dawo daga gona. Shi ke shirya masu neman baftisma, da masu shirin aure. In an haihu shi ake fara gaya wa. In an yi rasuwa da tsakar dare ƙofarsa ake bugawa, kuma sau da yawa shi ke tsayawa bakin kabari, don gawa ba ta jiran mako biyar. In miji da mata sun saɓa, shi da shugabar Zumuntar Mata ne za su kwana suna sulhu.

9/ Kada wani ya ce wai ya shiga hurumin da ba nasa ba. Dokar ikilisiya ta 1983 da kanta ta ba shi. Sashe na 861 ya yarda katikis ya yi baftisma in babu firist ko dikin a kusa. Sashe na 230 ya yarda wanda ba a naɗa ba ya ja addu'ar jama'a, ya raba Tarayya Mai Tsarki in buƙata ta kama. Sashe na 517 ma ya ba bishop dama, in firistoci sun yi ƙaranci, ya danƙa wani ɓangare na kula da farish a hannun dikin ko wasu daga cikin jama'a, wani firist yana sa ido.

10/ Abin da ba mai yi sai Fada a fili yake: Misa, jin furcin zunubi, da shafa wa mara lafiya mai. Waɗannan uku babu katikis ɗin da zai taɓa su, kome tsufansa a aiki. Kuma a nan ne ƙarancin Fada yake ciwo na gaske. Tsohuwa ta yi mako biyu a kwance tana tambayar yaushe Fada zai zo, ta tafi bai zo ba. Duk wanda ya taɓa ganin haka a danginsa ba ya buƙatar a yi masa dogon bayani.

11/ Saboda haka ni ma ina son a samu ƙarin firistoci, kamar kowa. Tambayata ita ce, daga ina suke fitowa?

12/ Ku duba Malumfashi. A Oktoban 2023 Paparoma Francis ya ƙirƙiro Dayosis na Katsina, ya naɗa Gerald Mamman Musa bishop ɗinsa na farko, aka keɓe shi a Disambar shekarar. Duk muka yi ta murna, ana cewa Bahaushe ya zama bishop. To mahaifinsa katikis ne, wanda ya yi shekaru masu yawa yana wannan aikin. A gidan katikis aka raini bishop ɗin da muke alfahari da shi.

13/ Kuma ba haka kawai abin ya faɗo a Malumfashi ba. A garin akwai makarantar horar da katikis mai sunan Joseph Mukasa, wadda ta daɗe tana yaye mutane. Shi Mukasan, ga wanda bai sani ba, bafaden sarkin Buganda ne a ƙasar Yuganda. Lokacin da firistocin mishan suka bar ƙasar a 1882, yana cikin waɗanda suka riƙe sababbin masu bi suna koyar da su har firistocin suka dawo. An kashe shi a 1885. Bai taɓa zama firist ba.

14/ Koriya ma haka. A 1784 'yan ƙasar suka fara ikilisiya da kansu, daga littattafan da suka samo daga Sin, suka yi kusan shekara goma suna yi wa juna baftisma kafin firist na farko ya iso musu. Jama'a ce ke fara tsayuwa, firist ya fito daga cikinta daga baya. Mu a nan so muke a juya abin, a turo mana Fada tukuna sannan mu tsaya.

15/ Yanzu mu dawo gida, mu bi yaron ƙauye ɗaya daga ƙasar Gwaram da ke son zama Fada, mu ga inda ƙafarsa za ta tsaya.

16/ Babbar seminari, irin St. Augustine ta Jos ko Good Shepherd ta Kaduna, karatun jami'a ne. Ana neman kiredit biyar har da Turanci da Lissafi kafin ma a dube ka. In ka shiga, ga shekarar horon ruhaniya, ga shekara huɗu ta falsafa, ga huɗu ta tauhidi, ga shekarar aiki a farish. Kusan shekara goma. Doka kuma ba ta yarda a naɗa mutum firist ba sai ya cika 25.

17/ To yaron da makarantar firamaren ƙauyensu malami biyu ne, wanda da damina gona yake, da rani kuma ya tafi ci-rani Kano ko tura baro a kasuwar Sara, ina zai samo kiredit a Turanci? Ya yi hidimar bagadi tun yana shekara tara, ya haddace amsoshin Misa, yana kwaikwayon Fada da murfin kwano a bayan ɗaki. Kira kam akwai. A aji uku na sakandare yake mutuwa, ranar da aka koro shi kuɗin jarrabawa.

18/ Mafi yawan lokaci kuma yaron nan ɗan katikis ne, ko ɗan ƙaninsa, ko ɗan wata uwar Zumunta. Su ne yaran da suka tashi a gindin bagadi. Idan uban ba ya iya biyan kuɗin makaranta, ai mun toshe rijiyar da kanmu, sannan mu zo Lahadin Makiyayi muna roƙon ruwa.

19/ Akwai kuma abin da yaron yake gani da ido. Yana ganin ubansa ya yi shekara ashirin yana wa coci bauta, a taro a tsayar da shi a bakin ƙofa, a aike shi sayo ruwan leda, wani saurayin da ya zo jiya ya ɗaga masa murya gaban jama'a. Ka zaci yaron ba ya lissafi? Yana yi.

20/ Sashe na 231 na dokar ikilisiya ya ce duk wanda ya ba da kansa ga hidimar ikilisiya, ko ba a naɗa shi ba, yana da haƙƙin a biya shi abin da zai riƙe kansa da iyalinsa cikin mutunci. Haƙƙi doka ta kira shi. Mu kuwa mun mai da shi kamar sadaka, in baiko ya yi saura a miƙa masa, in bai yi ba a ce ladansa na sama.

21/ A Mayun 2021 Paparoma Francis ya fitar da wasiƙar Antiquum Ministerium, ya mai da aikin katikis hidima tabbatacciya da bishop ke ɗora wa mutum a gaban jama'a, namiji ko mace. A Turai labari ne sabo. Mu nan tun kakanninmu da katikis muka san addinin. Abin kunya ne a ce Roma ta riga mu girmama shi.

22/ Wata matsalar kuma ta gidajenmu ce, mu faɗa wa juna gaskiya. Bahaushe, Kirista ne ko Musulmi, ba ya son a ce ɗansa tuzuru ne. Uwa tana son jika. Uba yana son hannu a gandu. In yaro ya ce zai tafi seminari, sai ka ji gwaggo ta ce, "Duk 'ya'yan gari sai nawa?" Ita ce kuma za ta fi kowa ɗaga murya a addu'ar neman firistoci. Ɗan maƙwabta take roƙa wa.

23/ Ban raina wannan damuwar ba fa. Gidan da ɗa namiji ɗaya ne ya yi boko, kuma shi ake sa ran ya ɗauki ƙannensa, ba ƙaramin abu ba ne a ce a ba da shi. Shi ya sa nake cewa in ikilisiya tana son ɗan, ta nuna wa gidan cewa ba za a bar su su kaɗai ba.

24/ Sai ɓangaren su Fada. Kafin in ce kome: mutanen nan suna sa ransu a aikin. A Janairun 2020 aka sace ɗalibai daga seminarin Good Shepherd, aka kashe Michael Nnadi yana ɗan shekara 18. A Mayun 2021 aka kai hari gidan Fada a Malumfashi, aka kashe Fada Alphonsus Bello. Duk saurayin da ya ji waɗannan labarai kuma ya ce zai shiga, ya cancanci a tashi tsaye a gaishe shi. Gyara kayanka dai bai zama sauke mu raba ba.

25/ Abin da ke damuna shi ne yadda muke ɓarnatar da ɗan lokacin Fadan da muke da shi. Mutum ya yi shekara goma yana karatu don ya yi Misa ya ji furcin zunubi, sai ka same shi ranar Talata yana cinikin buhun siminti, Laraba yana rigima da birkila, Alhamis yana ƙirga canjin baiko. A ranakun nan uku da ya kai rassa uku. Ko ba Lahadi ba ai Misa Misa ce, manomi zai bar gona awa ɗaya in ya san Fada na zuwa.

26/ Tun a Ayyukan Manzanni sura 6 aka warware wannan. Da rigimar rabon abinci ta taso, manzanni ba su ce su za su riƙe ludayi ba. Suka ce jama'a ta zaɓo mutum bakwai amintattu su riƙe, su kuma su koma kan addu'a da wa'azi. Ku lura, jama'a ce ta zaɓo.

27/ Doka ma ta bi wannan sawun. Sashe na 537 ya wajabta wa kowane farish kwamitin kuɗi, wajibi ne, ba ganin dama ba. Sashe na 1287 ya ce masu riƙe da dukiyar ikilisiya su ba jama'a bayanin abin da suka bayar. Majalisar farish kuwa, a sashe na 536, shawara take bayarwa, Fada ke yanke hukunci. Na yarda da haka. Amma shawarar da ake nema bayan an riga an sayi kwanon rufi, sanarwa ce.

28/ Kuma Fada baƙo ne a kowane farish, ko da ɗan ƙasa ne. Shekara kaɗan a ɗauke shi a kai wani wuri. In duk takardun fili, da lissafin gini, da sunayen waɗanda aka yi wa alkawari suna cikin kansa ne kawai, ranar da ya tafi sai a koma farko. Wanda ya san iyakar filin coci, ya san mai unguwar da aka yi maganar da shi, ya san wane gida ne ba sa ga maciji da wane, shi ne dattijon da aka haifa a wurin. Da ɗan gari akan ci gari.

29/ To mu jama'a fa? Kada mu yi saurin tafi. Rabin abin da Fada ke ɗauka mu muka ɗora masa. A kira taron kwamiti mutum uku su zo. A ba mutum ajiyar kuɗin godiyar kaka, a neme shi a rasa sai bayan Kirsimeti. Fadan da aka yi wa haka sau ɗaya, ka ga laifinsa in ya sa mabuɗi a aljihu?

30/ Ga kuma "Fada ya ce". Kwan fitila ya mutu a coci, sai Fada ya ce. Maƙwabcinka ya yi wata bai zo sujada ba, maimakon ka taka ka gaishe shi, sai a jira Fada. Mun mai da girmamawa mafakar lalaci. Majalisar Vatican ta biyu, wadda aka yi daga 1962 zuwa 1965, ta fitar da takarda guda a kan aikin jama'ar da ba a naɗa ba, cewa baftisma kanta aike ce. Shekara sittin ke nan muna jiran a ba mu izinin abin da aka riga aka ba mu.

31/ Waɗanda ba su jira ba su ne matan Zumunta. Ku je kowane ƙauye ku gani. Adashinsu na tafiya, littafin kuɗinsu a rubuce, ana karanta shi a gaban kowa, mai jego ta samu sabulu, mai takaba ta samu hatsi. Su ke ciyar da baƙi ranar da bishop ya zo. Amma in an zo kafa kwamitin kuɗi sai a cika shi da maza, a sa mace ɗaya don ta kawo abinci. Haba.

32/ Akwai wata ɓaraka da ba mu cika son faɗa ba. Cocin cikin gari yawanci ma'aikata ne da 'yan kasuwa, daga Filato, Binuwai, kudancin Kaduna, ƙasar Ibo. Allah Ya saka musu, da aljihunsu aka yi gine-gine da yawa. Rassan ƙauye kuwa 'yan ƙasa ne, waɗanda iyayensu ko kakanninsu suka fito daga Maguzanci, da Warjawa, Hausa ce bakinsu. In taron majalisa da Turanci ake yin sa, mutumin ƙauye zai zauna ya yi shiru ya sa hannu. A rubuta an yi shawara da kowa.

33/ Ma'aikaci kuma ana yi masa canjin wurin aiki, ɗan kasuwa yana iya kwashe kayansa in gari ya yi zafi. Manomin nan da gonar kakansa ke bayan coci ba inda za shi. In ana maganar wanda zai riƙe ikilisiya a ƙasar nan nan da shekara talatin, shi ne da 'ya'yansa.

34/ Mu dubi maƙwabtanmu mana. Babu unguwar Musulmi a Birnin Kudu ko Gwaram da ke jiran a turo mata liman daga Kano kafin a yi salla. Daga cikinsu yake, sun san gidansu, da kaka ana kai masa dami. 'Yan'uwanmu na ECWA kuma fastonsu yana zaune a ƙauyen da matarsa da gonarsa. Tsarinmu daban ne, na sani, kuma ba cewa nake a canza shi ba. Amma in yaranmu suka ga can kullum akwai mai kula, nan kuwa sai bayan mako biyar, kada mu yi mamakin inda ƙafarsu ta nufa.

35/ Abin da ya fi kusa da wannan a tsarinmu, ban da katikis, shi ne dikin na dindindin. Paparoma Paul na 6 ya dawo da shi a 1967. Magidanci mai shekara 35 zuwa sama, da yardar matarsa, ana iya naɗa shi: ya yi wa'azi, ya yi baftisma, ya ɗaura aure, ya yi jana'iza. Ba ya Misa, ba ya jin furcin zunubi. A Amurka suna da yawa. A Najeriya da wuya ka ga ɗaya. Wannan hukuncin bishop-bishop ne, ba nawa ba, amma ina da dattawan katikis a raina da in an ce a nuna wanda ya dace, ba zan yi dogon tunani ba.

36/ Kafin a kai can, akwai abin da ba ya buƙatar izinin kowa. Kowane reshe ya san buhu nawa yake tarawa a godiyar kaka. A fara cire na katikis tun a masussuka, kafin a yi maganar fenti ko sabuwar lasifika. A sa alawus ɗinsa a saman takardar kasafi, a karanta a coci da Hausa: nawa ne, an biya ko ba a biya ba.

37/ Mu kuma da muka yi boko muka bar ƙauye, muna Kano, Dutse, Abuja, muna turo kuɗin anko da na bazar ba tare da an roƙe mu sau biyu ba. Mutum biyar a cikinmu sun isa su riƙe yaro ɗaya daga aji ɗaya na sakandare har ya rubuta WAEC. Kada a sa masa sharaɗin sai ya zama Fada, don kira ba a sayensa. In ya tafi seminari, madalla. In yarinya ce ta zama Sista ko nas, madalla. In ya dawo ya zama malamin firamare a ƙauyen, shi zai koya wa na bayansa Turancin da ake nema a Jos.

38/ Masu shirin rubuto mini cewa wannan magana ta cikin gida ce, bai kamata a baza ta a nan ba: na ji. Amma katikis ɗin da nake magana a kansa ba ya cikin ɗakin da ake yin ta cikin gidan. Ku da ke da lambar naku, ku kira shi yau ku tambaye shi yaushe rabon a biya shi, da aji nawa babban ɗansa ya tsaya.